Bugun Gefen Turmi

Allurar rediyon ta kai ƙarshen gilashi, Baba Kalilu ya sake murɗo ta baya a hankali, kunnensa manne da jikin akwatin. Babu abin da ke fita sai shuuu, kamar ana juye gero a buhu. Ni kuma ina bakin rumfata ta faci, na tsoma tif ɗin keke a ruwan daro ina neman inda yake yoyo, amma rabin idona na kansa.

"Hodi," ya ce, "zo ka diba min abin ga. Ko batir na yam mutu?"

Ni na sa masa sababbin batira da safe, ya kuma sani. Na goge hannu a jikin wando na je na durƙusa kusa da tabarmarsa. Ranar Alhamis ce, an sauko daga sallar la'asar, lokacin shirin manoma ke nan. Na murɗa, na ɗaga eriya, na juya akwatin ya fuskanci gabas kamar yadda yake yi. Shiru. Sai na tuna masa sanarwar da aka daɗe ana yi, cewa gidan rediyo zai tashi daga matsakaicin zango ya koma FM, an kawo sababbin na'urori da ake kira dijital, murya za ta riƙa fita tas. Ya ce ya ji sanarwar, amma shi ya ɗauka kamar mutum ne zai sake gida, ai ko ina ya koma muryarsa na nan. Na ce masa rediyonsa ba shi da FM. Ya dubi akwatin, tsohon akwati mai rigar fata da ya ɗaure murfin batirinsa da roba, ya daɗe yana dubansa.

"Ashe yau ba ta zuwa," ya ce.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a unguwar Nassarawa, nan Birnin Kebbi. Mutumin Augie ne, da albasa ya tsufa, noma da fatauci, har ƙafafunsa suka fara kumbura ya zauna. 'Ya'yan da Allah ya ba shi duk sun koma tun suna ƙanana. Matarsa, Sharifa, 'yar Argungu, ta rasu ina yaro, ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Ko sunanta a bakin Innata Maryamu na ji shi, don shi bai taɓa faɗa ba, sai dai ya ce marigayiya. Tun daga rasuwarta yake zaune shi kaɗai a gidan, Inna na miƙa masa abinci ta hannuna, koko da safe, tuwon shinkafa da yamma.

Wadda yake jira ranar Alhamis marigayiyar ce. Ya ba ni labarin ya fi a ƙirga. Wata shekara ta je gida Argungu sunan ɗiyar ƙanwarta, lokacin kakar shinkafa, sai ga mutanen rediyo da na'urarsu suna ɗaukar waƙoƙin mata. Suka ishe mata a tsakar gida suna lugude, wato mata uku ko huɗu a turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi kamar kiɗa, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Suka ɗauka. Daga baya aka mai da shi abin buɗe shirin manoma, da aka raba jiha kuma faifan ya biyo kayan rabo ya zo Birnin Kebbi. Marigayiya ba ta yi waƙa a ciki ba, ba ta ma yi magana ba. Nata shi ne, kafin ta sauke taɓarya takan ƙwanƙwasa leɓen turmi, ƙwas, sannan ta daka. Wannan ƙwas ɗin yake saurare. Da an fara sai ya rufe ido, yatsansa na bugun gwiwa duk inda ya zo. Da an gama an shiga maganar taki da iri, sai ya rage murya ya tambaye ni labarin gari.

Na ce masa ya kwantar da hankali, abu mai sauƙi ne. Kafin wata Alhamis na shiga kasuwa na sayo sabon rediyo, ɗan ƙarami, ba allura, ba abin murɗawa, sai maɓallai da lambobi masu haske. Mai shagon ya ce ko numfashin mai magana zan ji. Baba ya juya shi a hannu ya ce wannan ai sai a sa shi aljihu a manta, ya tambaya ko yana cin batir kamar yadda 'yan zamani ke cin tuwo. Muka yi dariya. Ranan har ya shanye kokonsa.

Alhamis ta zo. Ƙafafun sun ƙara nauyi, ba ya iya fitowa ƙofar gida, don haka na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, na jingina shi da katanga. Na danna maɓalli. Gaskiya mai shago bai yi ƙarya ba. Luguden ya fito kamar matan na bayan ɗaki, ana jin saukar kowace taɓarya, ana jin tafi, har wata murya can baya da ban taɓa sanin tana ciki ba. Shuuu ɗin nan da muka saba da shi ya tafi gaba ɗaya. Na juyo in ga farin cikinsa. Idonsa a rufe, yatsansa a ɗage bisa gwiwa yana jira. Bai sauke shi ba har aka gama.

"Sun hidda ta," ya ce.

Na ce ko dai bai saba da sabuwar muryar ba ne, mu jira wani mako. Ya girgiza kai. Ya ce duk sauran suna nan, ga Aminatu ƙanwarta, ga mai tafi, ga tsohuwar da ke ba da waƙa. Ita kaɗai ce babu. Ya nemi in mai da shi ɗaki, ya kwanta ya ba ƙofa baya. Tuwon yamma yadda na kai shi haka na dawo da shi. Na washegari ma loma biyu ya yi don kada Inna ta ji babu daɗi.

Ni ba mai shiga ofis ba ne, karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Amma da na ga kwanukan suna dawowa a cike, na rufe rumfa na hau keke na nufi gidan rediyon. Mai gadi ya daɗe yana yi mini tambayoyi, ya ɗauka gaisuwa na kawo a karanta. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani saurayi, Zulkifli, wanda bai girme ni da yawa ba. Ya shigar da ni wani ɗaki mai sanyi har cikin ƙashi, ya ba ni kujera. Da na ambaci luguden shirin manoma sai fuskarsa ta washe, ya ce aikinsa ne. Ya nuna mini a gilashin kwamfuta, wasu zane-zane kamar ciyawa a bakin gulbi, ya ce muryar ke nan. Tsohon faifan, in ji shi, na zare ne, ya yi funfuna, kwanaki ya yi yana wanke sautin. Ya cire shuuu, ya cire ƙarar iska, ya kuma bi wani ƙwas-ƙwas da ke ɓata kiɗan ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya.

Na gaya masa abin da ƙwas ɗin yake, da wanda ke jiransa. Ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya ajiye a tebur.

"Wallahi na ɗauka ciwon faifai ne," ya ce. "Mutum ne ashe?"

Bai tsaya ba ni haƙuri da baki kawai ba. Ya bincika kwamfutar, ya shiga wani ɗaki ya fito da kwali. Zaren faifan ya tsinke ya manne da juna tun ranar da aka juye shi, in ka taɓa sai ya bar maka baƙin gari a yatsa. Wanda ya wanke kuma a kan na farkon ya ajiye shi a kwamfutar, na farkon ya goge. Ya ce zai iya sa wani ƙwas na na'ura, amma bai san inda kowanne yake ba yanzu. Ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce a da masu ɗaukar sauti sukan bar wa mutanen gida kaset, in gwada Argungu.

Washegari na bar wa Inna kula da Baba na shiga motar Argungu. Fadama ta yi kore shar da shinkafa, ruwa na walƙiya a tsakanin kunyoyi, mutanen mota na gardamar sabuwar tashar, wani ya ce yanzu har tarin mai labarai ana ji, wani ya ce a ƙauyensu ko ɗis ba ta kamawa, gara ta da mai shuuu da ke bin mutum har gona.

Ban sha wuyar samun gidan ba. Aminatu tsohuwa ce 'yar firit, na ishe ta zaune a inuwa tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi daga inda nake. Ta tambayi jikin Malam, ta sa aka kawo mini ruwa da fura, sai da na sha sannan ta bari na faɗi abin da ya kawo ni. Kaset kam babu. Ta ce ba wanda ya ba su komai sai godiya, su ma a rediyo suka ji kansu. Amma da na ce an cire ƙwas ɗin sai ta yi dariya har ta ajiye faifan.

"Ai ko shi mai ɗauka sau biyu yana ce mata ta bari," ta ce. "Tac ce to. Da an koma sai hannu shi yi abin da yas saba."

Na tambaye ta ko wani salon lugude ne na Argungu. Ta ce ko kaɗan, ba a nan ta koya ba, a Augie ta samo shi. Lokacin da aka kai ta gidan su Malam Kalilu tana amarya, gida ne babba, ga surukai, ga matan yayye. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ko kallon inda yake ba ta yi. Shi kuma in ya dawo gona a zaure yake zama da maza har duhu ya fara. Mata da yawa ke daka a gidan, daga zaure ba ka sanin hannun wa ke kan turmi. Sai ta riƙa ƙwanƙwasa leɓen turmin don ya san ita ce, tana nan, ta kuma san ya dawo. Shi kuma sai ya yi gyaran murya.

"Kiranshi takai," in ji Aminatu. "Mu dud mun sani, muna yi mata tsiya. Uwar mijin ma ta sani, tay yi awa ba ta ji ba."

Baba bai taɓa gaya mini wannan ba. Ta dube ni ta ce tunda na taso tun daga Birnin Kebbi ba zan koma hannu sake ba. Ta kira jikokinta mata suka jawo turmi suka fara lugude, ita kuma ta ɗauki muciya ta zauna kusa. Duk bayan taɓarya ta uku sai ta buga gefen turmin. Ta miƙo mini muciyar ta ce in yi. 'Yan matan suka riƙa dariya suna cewa ga namiji a bakin turmi. Na yi ta kuskure har hannuna ya kama. Da zan tafi ta ƙulla mini shinkafa a leda ta ce a yi wa Malam kunu, a kuma ce masa ƙafa ce ta hana ta zuwa.

Da na gaya wa Inna abin da ke raina, ta ce ita ba za ta yi wa mai jinya wasan yara ba, da girmanta. Na ce ba ruɗinsa za mu yi ba. Ta ce to mene ne sunansa in ba ruɗi ba? Na ɗauki muciya na nuna mata a jikin turminmu duk da haka. Ta harare ni.

"Ni za ka koya ma daka? Tun ba a haihe ka ba nika jin bugun ga ta bisa katanga."

Ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ba za ta yi ba. Amma ranar Alhamis da azahar na ga turmin ya bar inda yake zama a bakin madafa, ya koma gindin katanga.

Baba ya rame sosai a makon nan. Da na ce zan fito da shi tsakar gida ya ce in bar shi, ba abin da zai saurara. Na ce ko don iska. Na ɗauke shi, ba nauyi sai a ƙafafu, na jingina shi da katanga a ƙarƙashin dogon yaro, na sa masa matashi. Na kunna sabon rediyon na ƙure murya yadda za a ji a gidanmu. Aka yi sanarwa, aka ce ga shirin manoma. Taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu, ta uku.

Ƙwas, daga bayan katanga.

Bai buɗe ido ba. Na ga yatsansa ya motsa bisa zanen da ya rufa. Da bugun ya sake zuwa yatsan ya sauka tare da shi, haka har aka gama. Can wajen ƙarshe ya yi gyaran murya, ƙasa-ƙasa, irin wanda ba na tari ba. Mai gabatarwa ya shigo da sallama ya fara maganar tsutsar da ke cin shinkafa. Na rage murya. Muka zauna, ganyen dogon yaro na faɗowa kan tabarma.

"Hodi."

"Na'am, Baba."

"Ka ce ma Maryamu na gode, Allah shi saka mata." Ya numfasa. "Amma tana gaggawa. Marigayiya takan dakata kaɗan kahin ta buga, awa mai saurare ko na shigo."

Na ce zan gaya mata. Ya tambaya ko Argungu na je shekaran jiya da ban buɗe rumfa ba, na ce e. Ya ce Aminatu har yanzu bakinta bai mutu ba ke nan. Na ce bai mutu ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce in akwai kunu a ba shi. Na shinkafar da ta aiko aka dama, ya sha rabin kofi, ya ce ta Argungu ce wannan, ya ji ƙamshin fadama.

Da na kai wa Inna saƙon, tana tsaye riƙe da taɓarya har lokacin. Ta ce, oho, ashe har gyara ya samu bakin yi. Ta jingina taɓaryar ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Bai kai wata Alhamis ba. Ranar Talata da hantsi na kai koko na yi sallama ba a amsa ba. Na same shi kwance a gefen dama, fuskarsa na duban ƙofa, carbi a hannu, tsohon rediyonsa a wajen kai inda yake ajiye shi ko da ya daina magana. Na ajiye kwanon na je na kira liman.

Kafin azahar an kai shi. Mutanen unguwa ne, da wasu tsofaffin 'yan albasa da labari ya iske a kasuwa. Da yamma 'ya'yan ɗan'uwansa suka iso daga Augie, suka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Aminatu ta aiko jikanta da ta'aziyya. Bayan addu'ar uku suka kwashe 'yan kayansa, tabarmi da buta da akwatin tufafi, suka sa wa ƙofa kwaɗo. Tsohon rediyon ba wanda ya so, suka ce ai ba ya kama komai yanzu. Na kai shi rumfa na ɗora a kan katako, kusa da gwangwanin gam.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo ina ɗaure wa wani yaro sarƙar keke sai na ji masallaci ya sallame la'asar, don ni na riga na yi tawa a rumfa. Hannuna ya kai kan sabon rediyon kafin in yi tunani. Yaron ya karɓi kekensa ya tafi. Layin ya yi tsit, sai wata akuya da ke cin ɓawon albasa a ƙofar Baba, ƙarƙashin kwaɗon. Aka ce ga shirin manoma. Luguden ya fito tas, taɓarya ta farko, ta biyu, ta uku, sannan wurin nan da babu kowa.

Daga cikin gidanmu, a gindin katanga, aka dakata kaɗan. Sannan ƙwas.